Zobe a Ƙafar Tsuntsu: Daga Zariya zuwa Tsibiran Tsakiyar Teku

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadan Zariya ya san cewa idan bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, to, ba da jimawa ba za a wayi gari a ga shamuwa bisa dogayen itatuwa tana jigilar kirare domin gina sheƙa. Ganinta kan sa manomi ya fiddo garmarsa ya duba irinsa. Idan kuma kaka ta yi, sai a neme ta a rasa. Shin ina take tafiya? Wadda ta dawo bana, ita ce ta bara, ko kuwa wata ce dabam? Shekara nawa take yi a duniya? Ido kaɗai ba zai amsa waɗannan tambayoyi ba, domin ga ɗan Adam kowace shamuwa kamar 'yar'uwarta take.

Dabarar da masana suka samo domin warware irin wannan matsala ita ce sanya wa tsuntsu ɗan ƙaramin zobe na ƙarfe a ƙafa, mai ɗauke da lamba wadda babu wani tsuntsu a duniya da ke da irinta. Wannan maƙala za ta bayyana asalin dabarar, da rawar da Zariya da Kano suka taka a cikinta, sannan ta bi masu binciken zuwa wurin da aikin ya fi wuya, ya kuma fi ba da amfani, watau ƙananan tsibiran da ke tsakiyar teku, inda dubban ɗaruruwan tsuntsaye ke taruwa su yi ƙwai.

Asalin dabarar

Shekaru aru-aru mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke shiga ba idan hunturu ya zo. Wasu ma sun ɗauka cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin laka ta yi barci har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, aka tarar da wani dogon mashi na katako soke a wuyanta, irin wanda ake amfani da shi a tsakiyar Afirka. Ashe wani maharbi ne ya jefe ta a nahiyar Afirka, ba ta mutu ba, ta kuma tashi da mashin har Turai. Gawarta na nan ajiye a Jami'ar Rostock. Wannan ya zama hujja a fili cewa tsuntsu na iya ƙetare hamada da teku.

Wanda ya mai da wannan darasi ya zama tsarin bincike shi ne wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, mai suna Hans Christian Mortensen. A 1899 ya yanka ƙananan zobba na alminiyon, ya buga wa kowanne lamba da adireshi, ya riƙa sanya wa tsuntsayen da ke sheƙa a garinsu, Viborg. Hikimar da ke ciki ita ce adireshin: duk wanda ya tsinci tsuntsun, ko a wace ƙasa yake, ya san inda zai aika da labari. A 1909 aka fara irin wannan aiki a Ingila, daga nan ya bazu cikin duniya.

Yadda zoben yake

Zoben tsuntsu ba ya rufe ƙafa kam. Ana yin sa girma-girma, daga na ɗan tsuntsun da bai fi giram goma ba har zuwa na babban tsuntsu kamar gauraka. Mai aikin zai zaɓi wanda ya dace, ya zagaya shi a ƙwaurin tsuntsun, ya matse bakinsa da wata filaya ta musamman, ta yadda zoben zai riƙa juyawa ba tare da ya zame ta tafin ƙafa ba, ba kuma tare da ya bar giɓin da zare ko ciyawa za su maƙale ba. Nauyinsa ga tsuntsu bai wuce na agogo a hannun mutum ba.

Kafin a saki tsuntsun sai an rubuta lambar zoben, da irin tsuntsun, da wuri, da kwanan wata, da nauyinsa, da tsawon fiffikensa da na bakinsa cikin milimita, da ƙiyasin shekarunsa bisa ga yanayin gashinsa. Zoben da ba a rubuta bayaninsa a littafi ba, ɓarnar ƙarfe ce kawai. Amfanin aikin yana bayyana ne ran da aka sake haɗuwa da tsuntsun, a raye ko a mace, aka gwama labarin farko da na biyu.

Akwai kuma zobba na roba masu launi dabam-dabam. Alal misali, a sa ja bisa fari a ƙafar dama, shuɗi a ta hagu. Da irin wannan, mai bincike zai gane tsuntsu daga nesa da madubin hangen nesa, ba sai ya sake kama shi ba.

Gudummawar Zariya da Kano

Ɗalibai da yawa ba su san cewa garinsu na da suna a tarihin wannan fanni ba. A shekarun 1960, wani malamin sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, ya duƙufa kan binciken wani kyakkyawan tsuntsu kore mai jan maƙogwaro, wanda ke cin ƙudan zuma, masana kuma ke kiransa Merops bulocki. Wannan tsuntsu yakan haƙa ramuka a jikin gaɓar rafuka da kwazazzabai na kewayen Zariya, a zauna gida-gida kamar unguwa. Sakamakon sanya musu alama da sa musu ido, an gano cewa a ramuka da dama ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba. Akwai wasu tsuntsayen da ba su yi ƙwai ba, amma suna taya jigilar abinci. Wannan bincike na Zariya yana cikin waɗanda suka jawo hankalin masanan duniya ga tarayyar reno a tsakanin tsuntsayen ƙasashe masu zafi.

A 1964 aka kafa Ƙungiyar Masu Nazarin Tsuntsaye ta Nijeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma, ta kuma fara buga mujallar Malimbus a 1979. A Kano kuwa, Robert Sharland ya shafe shekaru masu yawa yana sanya wa tsuntsaye zobe, yana fitar da rahoto shekara-shekara. Har ila yau, a 1967 Fry da abokan aikinsa sun yi zango a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, suna kamawa suna auna ƙananan tsuntsayen da ke shirin komawa Turai. Sun tarar da cewa kafin su tunkari Sahara sai sun ci sun tara kitse sosai, kuma daga cikin abincinsu akwai 'ya'yan itacen nan da ake yin asawaki da shi. Kitsen nan shi ne guzurinsu, domin babu wurin cin abinci a tsakiyar hamada. A yau cibiyar da ta fi shahara da horar da matasa a wannan fanni ita ce Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ta fara aiki a 2002 tare da Jami'ar Jos.

Dalilin zuwa tsibiri

Tsuntsun teku shi ne wanda ke samun abincinsa daga ruwan gishiri, yake kuma shafe yawancin rayuwarsa a can. Yana iya shan ruwan teku, domin a saman idanunsa akwai wasu ƙullutai da ke tace gishirin da ya yi yawa a jini, ya fito ta hanci. Abu guda ne teku ba ta iya yi masa: ba a yin ƙwai a kan ruwa. Saboda haka dole ya nemi tudu, kuma tudun da ya fi so shi ne tsibirin da babu mutum, babu kyanwa, babu ɓera. Tsuntsayen da ke warwatse a faɗin dubban kilomitoci na ruwa sai su haɗu a wani ɗan fili da bai fi unguwa guda ba. A nan ne kaɗai mai bincike zai iya ƙirga su, ya kuma kama su da hannu.

Irin wannan tsibiri mafi kusa da Nijeriya yana cikin Mashigin Tekun Gini. Kimanin kilomita 300 kudu da bakin tekun Neja-Delta akwai tsibirin Principe na ƙasar Sao Tome da Principe, kuma kimanin kilomita 20 kudu da shi akwai wasu duwatsu biyu da ake kira Tinhosas. Babban cikinsu bai wuce hekta 20 ba, babu itace, babu ruwan sha, amma ƙidayar da aka yi ta nuna cewa fiye da ma'aurata 100,000 na wani tsuntsu guda ke yin ƙwai a kansa. Wannan tsuntsu shi ne Onychoprion fuscatus, wanda za a iya kira baƙar tsattsewar teku, saboda baƙin bayansa, da farin cikinsa, da wutsiyarsa mai rassa biyu. Nauyinsa bai wuce giram 200 da wani abu ba. A 2006 aka sanya Tinhosas cikin jerin muhimman wuraren ruwa na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, jerin da Tafkin Nguru ma ke ciki.

Rayuwar wannan tsuntsu abin mamaki ce. Gashinsa ba ya jure jiƙa, don haka ba ya zama a kan ruwa kamar agwagwa. Surar abinci yake yi daga saman ruwa yana cikin tashi. Ɗan da ya bar tsibiri yakan yi shekaru a sararin teku, ba ya soma haihuwa sai ya kai shekara biyar ko fiye. Macen ƙwai ɗaya tak take yi, a kan ƙasa tsirara. Ita da namijin su riƙa karɓa-karɓar kwanci na kimanin wata guda, sannan su ciyar da ɗan na kimanin wata biyu kafin ya iya tashi.

Yadda ake aiki a tsibirin

Isa wurin ma aiki ne. Irin waɗannan tsibirai ba su da tashar jirgi. Sai a matso da kwale-kwale, a jira igiyar ruwa ta ɗaga shi, mutum ya yi tsalle ya kama dutse, sannan a miƙa masa kaya. Ruwan sha da abinci da magani duk sai an zo da su. Kafin a taso kuma sai an bincike jakunkuna da takalma, kada a shigo da ɓera ko tururuwa ko irin wata ciyawa. Rana na dukan dutse, warin kashin tsuntsaye na cika hanci, kukansu kuma ba ya tsayawa dare da rana.

Aiki na farko shi ne ƙidaya. Ba wanda zai iya ƙirga sheƙa dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya, saboda haka sai a yi amfani da samfuri. A ɗauka an shata murabba'ai 20 a wurare dabam-dabam, kowanne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, watau murabba'in mita 100. Idan matsakaicin ƙwan da aka samu a kowanne ya kama 150, to, kowane murabba'in mita na da 1.5 ke nan. Idan faɗin filin da tsuntsayen suka mamaye ya kai murabba'in mita 60,000, sai a ninka: 60,000 sau 1.5 ya ba da 90,000. Tun da kowane ƙwai na da uwa da uba, manyan tsuntsaye masu haihuwa sun kai 180,000. Sharaɗin ingancin wannan lissafi shi ne a zaɓi murabba'an ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya bi son ransa ya zaɓi inda tsuntsaye suka fi cunkoso, zai fito da adadin da ya zarce gaskiya.

Aiki na biyu shi ne sanya zobe. A nan ba a amfani da alminiyon zalla, domin ruwan gishiri da gogayya da dutse kan cinye shi, lambar ta shafe tun tsuntsun na da sauran shekaru a gaba. Ana amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa. 'Yan tsaki da hannu ake kama su kafin su iya tashi. Manya kuwa da ƙaramar raga mai doguwar ƙota. Zoben ɗan tsako ya fi daraja, domin an san shekarar haihuwarsa da mahaifarsa babu tantama.

Akwai ladubban da ba a ƙetarewa. Ba a tayar da uwa daga kan ƙwai da tsakar rana, domin zafin dutse na iya kashe abin da ke ciki cikin ɗan lokaci, kuma wasu tsuntsayen na jiran irin wannan dama su fasa ƙwan. Saboda haka da sassafe ko da yamma ake aiki, a gama da kowane tsuntsu cikin 'yan mintoci, a mai da ɗan tsako daidai inda aka ɗauke shi domin iyayensa su same shi. A ƙasashen da ke da tsari, ba a barin mutum ya sa zobe shi kaɗai sai ya yi dogon horo a hannun gwani, ya kuma sami lasisi.

Abin da zobe ya bayyana

Misali na farko ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. A yammacin jihar Florida ta Amurka akwai wasu ƙananan tsibirai da ake kira Dry Tortugas, inda baƙar tsattsewar teku ke haihuwa. Daga 1959 wani masani mai suna William Robertson ya jagoranci sanya wa dubban ɗaruruwansu zobe. Sai wasiƙu suka fara zuwa daga inda ba a zata ba, watau daga gaɓar Mashigin Tekun Gini, inda mutane ke tsintar tsuntsaye masu zoben Amurka. A 1969 ya buga sakamakon a mujallar Nature: ƙananan tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a Florida ƙetare Tekun Atlantika suke yi, tafiyar fiye da kilomita 9,000, su yi ƙuruciyarsu a ruwan Afirka ta Yamma, sannan su koma gida su yi haihuwa. Ba don masunta da mazauna gaɓa sun karanta lamba sun aika da labari ba, da ba a san wannan ba a lokacin.

Misali na biyu daga tsibirin Asenshon yake, wanda ke tsakiyar kudancin Atlantika, kimanin kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka. Masanan da suka zauna a can daga 1957 zuwa 1959 sun tabbatar da cewa tsattsewar teku ta wannan tsibiri ba ta bin lissafin shekara. Takan dawo haihuwa ne bayan kimanin wata tara da rabi, watau kusan wata goma na lissafin tsayuwar wata. Dalilin da masana ke bayarwa shi ne, a kusa da tsakiyar duniya babu hunturu ko bazara mai ƙarfi da za su tilasta wa tsuntsu jiran wani lokaci, saboda haka da zarar ya gama reno, ya sake gashi, sai ya koma.

Misali na uku game da tsawon rai ne. A 1956 wani masani mai suna Chandler Robbins ya sanya wa wata babbar tsuntsuwar teku, irin wadda ake kira albatiros, zobe a tsibirin Midway na Tekun Pasifik, tana kwance kan ƙwai. A 2002 shi da kansa ya sake kama ta, ya karanta lambar. An yi mata laƙabi da Wisdom, watau Hikima. A ƙarshen 2024 ta sake yin ƙwai tana da aƙalla shekara 74. Ita ma baƙar tsattsewar teku, zobe ya nuna tana wuce shekara 30.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga kiyaye tsuntsayen. Kaza ko zabuwa na yin ƙwai da yawa, ta kuma balaga cikin watanni, don haka asarar 'yan kaɗan ba ta girgiza garke. Amma tsuntsun da ke jiran shekara biyar kafin ya soma haihuwa, yake kuma yin ƙwai ɗaya, ya dogara ne kacokan ga tsawon ransa. Kashe babba guda daidai yake da hallaka dukan 'ya'yan da zai haifa cikin shekara ashirin masu zuwa.

Barazanar da ke fuskantar su

Tarihin Asenshon ya isa darasi. Ɓeraye sun shiga tsibirin daga jiragen ruwa. Bayan sojojin Ingila sun zauna a can a 1815, aka kawo kyanwoyi domin su kashe ɓerayen. Garin neman gira aka rasa ido, domin kyanwoyin sun ga tsuntsun da ke kwance a ƙasa ya fi ɓera sauƙin kamawa. Yawancin nau'o'in tsuntsayen suka ƙaurace wa babban tsibirin, suka takure a kan wani ɗan dutse da ke gefensa. Sai a 2002 aka fara aikin kawar da kyanwoyin daji, aka kuma bayyana nasararsa a 2006. A 2012 aka ga wani babban baƙin tsuntsu, wanda babu inda yake haihuwa a duniya sai nan, ya sake yin sheƙa a babban tsibirin bayan fiye da ƙarni guda. Duk da haka matsala ba ta ƙare ba, domin da kyanwoyi suka kau, ɓeraye sun sami sarari, suna cin 'yan tsaki.

Barazana ta biyu a cikin ruwa take. Tsattsewar teku ba ta nutso. Takan bi garken manyan kifaye irin su tuna, waɗanda ke koro ƙananan kifaye zuwa saman ruwa, ita kuma ta sura. Idan manyan jiragen kamun kifi suka rage tuna, ko ɗumamar ruwa ta sauya inda kifi ke zama, sai abinci ya yi mata wuya. A Asenshon yawanta ya sauko daga miliyoyi a tsakiyar ƙarni na 20 zuwa 'yan dubban ɗaruruwa, binciken da aka buga a 2019 kuma ya nuna abincinta ya karkata daga kifi zuwa wasu halittun ruwa marasa gina jiki sosai. Wani nazarin da aka buga a 2015 ya nuna cewa tsuntsayen tekun da ake sa wa ido a duniya sun ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1950 da 2010. Ga kuma tarkacen roba da suke haɗiyewa, da ƙugiyoyin masunta, da kwasar ƙwai da 'yan tsaki domin ci.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mutumin Zariya da wannan? Amsar tana cikin kasuwa. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a Tudun Wada da Sabon Gari daga teku yake zuwa, kuma halin da tsuntsayen teku ke ciki ma'auni ne na halin da kifin ke ciki. Bugu da ƙari, kashinsu taki ne mai ƙarfi. Binciken da aka buga a 2018 kan tsibiran Chagos na Tekun Indiya ya nuna cewa inda babu ɓeraye tsuntsaye sun fi yawa nesa ba kusa ba, takinsu na gangarawa cikin ruwa, kifin da ke kewayen kuma ya fi saurin girma.

Sababbin na'urori

Raunin zobe shi ne wuri biyu kawai yake nunawa: inda aka sa shi da inda aka tsince shi. A yau akwai wata 'yar na'ura mai nauyin giram ɗaya ko biyu da ake liƙawa a jikin zoben, aikinta shi ne auna hasken rana tare da lokaci. Tsawon yini yana nuna nisan tsuntsu daga tsakiyar duniya, kudu ko arewa. Lokacin da rana ta take tsaka kuma yana nuna matsayinsa gabas ko yamma, tun da duniya na juya digiri 15 a kowace awa. Da wannan dabara aka gano, a binciken da aka buga a 2010, cewa wata tsattsewar teku da ke haihuwa a Girinlan takan yi tafiyar kimanin kilomita 70,000 a shekara zuwa ƙuryar kudancin duniya da dawowa, wasunsu kuma ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. Manyan tsuntsaye kuwa ana goya musu na'urar da ke magana da tauraron ɗan Adam. Da irinta aka bi sawun shamuwar da ta yi sheƙa a Jamhuriyar Nijar, aka ga ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina lokacin da ƙasar Hausa ke cikin rani. Amma duk da waɗannan na'urori, zobe bai rasa matsayinsa ba, domin yana da araha, ba ya bukatar batir, kuma yana iya zama a ƙafa shekara talatin.

Gwaji domin aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai yadda alama ke taimakawa wajen ƙiyasin yawa, da kwano guda na wake. A ɗebi ƙwaya 200 a sa musu alama da tawada, a mai da su, a cuɗanya sosai. Sannan ɗalibi ya rufe ido ya ɗebo ƙwaya 150. Idan 30 daga ciki na da alama, to, kashi ɗaya cikin biyar na waken ke da alama. Tun da masu alamar 200 ne, jimillar waken ta kai kimanin 1,000. A maimaita sau biyar, a gwama amsoshin, sannan a ƙirga waken duka. Daga nan sai a tattauna: me zai faru da lissafin idan tawadar ta goge, ko kuwa idan ba a cuɗanya waken ba? Waɗannan su ne ainihin matsalolin da mai bincike ke fuskanta idan zobe ya faɗi, ko tsuntsun da aka taɓa kamawa ya koyi gudun raga.

Haka kuma ƙungiyar kimiyya ta makaranta na iya buɗe littafi ta riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da yawan sheƙunan da ke itatuwan unguwa, da ranar saukar ruwan farko. Bayan shekara goma, wannan littafi zai zama abin da masana za su so su gani.

Kammalawa

Manomi ko maharbi ko masunci a Galma, ko a fadamun Haɗeja da Nguru, na iya cin karo da tsuntsu mai zobe. Wasu kan tsorata su ɗauka sihiri ne, wasu su ce leƙen asiri. A ƙasar Masar ma an taɓa tsare wata shamuwa a 2013 saboda na'urar bincike da ke bayanta. Abin da ya kamata shi ne a kwafi dukan lamba da rubutun da ke jikin zoben ba tare da kuskure ba, a ɗauki hoto idan da hali, a rubuta wuri da kwanan wata da halin da aka sami tsuntsun, sannan a kai wa sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa, ko a aika wa cibiyar da ke Jos. Idan tsuntsun na da rai, a sake shi da zobensa. Idan matacce ne, kada a taɓa shi da hannu tsirara, domin murar tsuntsaye gaskiya ce. A Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna, aka fara tabbatar da ɓullar mugun nau'inta a nahiyar Afirka cikin 2006. Mai yiwuwa wanda ya sa wannan zobe ya yi shekara da shekaru yana jiran labarinsa a wata ƙasa mai nisa, kuma ɗalibin da ya iya karanta lamba ya rubuta wasiƙa shi ne zai cika masa aikin.